Aibobin Motar Malam

Da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yayyena maza suka tashi da gonaki, mata suka tashi da shanu da tumaki, ni kuwa aka dube ni aka ce mota. Dalilinsu wai ni ne ɗan boko, ina koyarwa a firamare a Ikara, don haka ni na fi kowa kusa da inji. Ni da ko babur ban taɓa tuƙawa ba! Keke ne iyakata, shi ma sai hanya ta miƙe. Ban yi musu ba, don a gidanmu ba a musu a wurin rabon gado. Malamai ne kewaye da kai, kowa da littafinsa buɗe a cinya.

Motar tsohuwa ce. A da fara ce, amma ta daɗe da komawa kalar ƙasar ƙauyenmu, Furana. Tana zaune a ƙarƙashin rumfar kara a ƙofar gidanmu, kusa da zauren da Malam, wato mahaifin namu, yake ba da karatu. Malam bai taɓa riƙe lasin ba a rayuwarsa. Idan ya iso shinge, jami'an hanya su ne ke matsowa su gaishe shi, su miƙa hannu a yi musu addu'a, ya wuce. Inshora kuwa, wadda aka sayo motar da ita ta mutu tun ina ɗan firamare, kuma babu wanda ya je mata ta'aziyya. Abin da kowa ya san motar da shi hon ne. Duk sanda ta karya kwana ta hagu, hon ɗin sai ya buga da kansa. Kwanar masallacinmu ta hagu ce ga mai dawowa daga Ikara, don haka da Inna, mahaifiyarmu, ta ji ƙarar sai ta miƙe ta cika buta, ta san mai gida ya dawo.

Da a ce lafiya ƙalau ake, da na bar motar nan kaji su ci gaba da ƙwai a cikinta. To amma idon Inna ya daɗe yana ja da baya. Wata safiya na same ta a tsakar gida tana gaishe da buhun masara da aka jingine a bango, har da tambayarsa mutanen gida. Da na gaya mata, ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce shi ya sa ta ji baƙon ba ya amsawa. Ni ma na yi dariyar. Amma jim kaɗan na gan ta tana laluben carbinta a kan tabarma, ga shi a gabanta, hannunta yana ta wuce shi.

Tana fita daga takaba na kai ta Zariya. Likita ya ce yanar ido ce, ta rufe ido ɗaya, tana kan hanyar rufe ɗayan, kuma idan aka ƙara jinkiri aikin zai yi wuya. Albashina ba zai kai ko'ina ba, amfanin gona bai zo gida ba, gonar uba kuwa ba a sayar da ita a ce an haifu. Sai na ce to, ga amfanin motar.

Aka haɗa ni da wani dillali daga Makarfi, gajere, mai ƙamshin turare, mai magana kamar ana kora shi. Ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa, ya ja ni gefe.

"Malam, abin mai sauƙi ne. Ka wanke ta, ka shafa wa tayoyi baƙin mai, ka tayar da ita ta yi ɗumi kafin mai saye ya iso. Bayan haka aikinka ɗaya ne, ka kama bakinka. Ni zan yi magana."

Ashe gefen da ya ja ni jikin tagar zaure ne, kuma Baffa yana ciki. Baffa ƙanin Malam ne, shi ya gaji buzunsa da ɗalibansa, kuma babin ciniki a littattafan fiƙihu ya haddace shi kamar sunansa. Sai muka ji gyaran murya. Ya fito yana saɓa rawani, ya dubi dillali daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba.

"Auta," ya ce da ni, "a gidan nan ba a sayar da ko kaza sai an faɗi aibinta. Duk wanda zai taya motar nan, ina zaune. Abin da yake ɓoye a jikinta sai an bayyana masa. Ba za a buɗe idon matar yayana da kuɗin ha'inci ba."

Dillali ya ce, "Allah gafarta Malam, ai mota kowa ya san..."

"Idan kowa ya sani, faɗar ba za ta cutar ba."

Mai saye na farko wani ɗan kasuwar tumatir ne. Ya zo da fara'arsa, aka gaisa, aka tambayi gida da gona da damina, aka shimfiɗa tabarma a gaban motar. Baffa ya yi bisimilla ya fara. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa ta ciki. Birki ba ya kamawa sai an yi ta taka shi. Lagireto yana shan ruwa fiye da bijimi. Giyar baya ba ta shiga sai da lallashi. Da safe ba ta tashi sai da turi. Hon yana bugawa da kansa a kwanar hagu. Wata shekara ɓera ya mutu a cikin kujera, kuma har yau idan hadari ya haɗu warin yana dawowa. Inshora babu, takardu sun mutu, mai motar na yanzu kuma bai iya tuƙi ba, don haka kada a tambaye shi komai.

Ina zaune kaina a ƙasa. Mai tumatir ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce zai je ya yi shawara. Har yau yana can yana shawarar.

Na biyu bai ma bari aka kai ga ɓera ba.

Dillali ya same ni a bakin makarantarmu, turarensa ya gauraye da gumi. Ya ce shi ba zai sake jawo mutum mai mutunci zuwa ƙauye a karanta masa ta'aziyyar mota ba. A kai ta Ikara, bakin tasha, inda masu saye ke wucewa. Ya kashe min ido ya ce tsoho ba zai iya zirga-zirga kullum ba. Na ce madalla.

Sai dai wa zai kai ta? Duk direban da na tuntuɓa, da ya ji takardu sun mutu sai ya tuna yana da ciwon baya. Alfarmar shinge ta Malam ce, an binne ta tare da shi. Na ce to ni zan gwada, ai ba wani abu ba ne, na sha ganin ana yi. Baffa ya ce atafau. Hukuma ta ce sai da lasin, bin hukuma a abin da ba saɓo ba wajibi ne, kuma shi bai shirya wata jana'izar ba. Na ce, "To Baffa, a kai zan ɗauke ta?"

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Hukuma ta hana shanu tafiya?"

Haka aka yi. Maƙwabcinmu ya kawo shanun huɗarsa biyu, aka ɗaura igiya a ƙarfen gaban motar, muka kama burtali da sassafe. Ni aka sa a sitiyari. Na tambayi Baffa ko wannan ba tuƙi ba ne, ya ce a'a, mai tuƙi shi ne wanda abin hawa yake tafiya da umarninsa, wato mai shanu. Ni fasinja ne da aka ba wa ajiyar sitiyari. Yana gama ba da fatawar ya buɗe ƙofar gaba ya shiga ya zauna, ya gyara babbar rigarsa. A nan na gane dabarar dillali ta rushe tun ba a fara ba.

Kai, ranar na ga duniya. Manoma suna ajiye fartanya su miƙe tsaye. Mata masu tafiya kai abinci gona suna kauce mana suna rufe baki da mayafi. Duk inda burtali ya karkata hagu, hon ya buga, shanu su zabura, ni in rungume sitiyari ina salati, Baffa kuwa ya ɗaga hannu ta taga yana amsa gaisuwa kamar yadda ya saba. A wani gangare motar ta fi shanun sauri, na yi ta taka birki har ƙafata ta sage, sai da bamba ya taɓa wutsiyar saniya kafin ya kama.

Inda burtali ya haɗu da kwalta a bakin gari muka tarar da jami'in hanya. Ya ɗaga hannu, mai shanu ya ce "hoo", muka tsaya. Ya leƙo ta tagata.

"Lasin."

Na nuna Baffa. Baffa ya nuna mai shanu. Mai shanu ya nuna shanu.

Jami'in ya zagaya mu a hankali. Ya dafa murfin inji ya ji shi sanyi ƙalau. Ya duba igiya, ya duba ƙahonin shanu, ya dawo ya cire hularsa yana sosa kai.

"Baba, wannan a wane babi zan saka ta?"

Baffa ya ce, "Amalanke ce mai rufi, ɗana."

Mutumin ya dafa motar yana dariya har hawaye. Da ya samu numfashi ya ce mu tsallaka da sauri kafin ogansa ya dawo, kuma don Allah kada mu koma da ita ta nan.

Muka ajiye ta a gindin wata bishiyar darbejiya kusa da tasha. Na yi zaton daga nan na huta. Ina! Kullum Baffa yana tashi daga karatun safe sai ya hau acaɓa, ga shi nan da buzunsa a hamata. Duk wanda ya rage tafiya ya kalli motar, sai Baffa ya yafito shi ya zaunar da shi. Ba a jima ba abin ya zama wasan kallo. 'Yan acaɓa da ke jiran fasinja a wurin suka haddace jerin. Baffa ya ce, "Ƙofar baya ta hagu," su amsa gaba ɗaya, "Ba ta buɗuwa ta ciki!" Mai shayin gefe ya ce cinikinsa ya ƙaru. Dillali ya daina zuwa kusa, sai dai ya tsaya daga tsallaken titi yana kallonmu da tausayi.

Abin da ya fi ba ni haushi, jerin ƙaruwa yake yi. Yau a ce madubin dama yana nuna mutum ya fi yadda yake ƙiba. Gobe a ce idan aka yi tafiya mai nisa kujerar baya tana sa barci. Ni kuma kullum in na koma gida sai na tarar Inna ta ƙara matsowa bakin ƙofa tana neman haske. Wata rana wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo, ya ji komai har da ɓera, bai gudu ba. Har ya fara tambayar farashi. Sai Baffa ya yi gyaran murya ya ce akwai saura ɗaya: motar ba ta son ranar Laraba. An lura ta fi ƙin tashi a ranar.

Mutumin ya ce shi kuwa ranar Laraba yake zuwa Makarfi. Ya sa takalmansa.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Haba Baffa! Laraba kuma? A wane littafi?" Duk wurin ya yi tsit, don ba a ɗaga wa Baffa murya. Ya miƙe. Ya naɗe buzunsa ya tafi. Na hau kekena na bi bayansa, raina a ɓace, na zube a gaban Inna na kwashe komai na gaya mata, har da cewa idan aka bar wa Baffa, sai ta makance motar tana nan tana jiran mai saye.

Inna ta saurara tana murmushi. Ta ce a kira mata Malam Ƙarami. Haka take kiransa tun tana amarya yana yaro mai satar mata ƙuli-ƙuli, kuma ita kaɗai ce a duniya take iya tsokanarsa. Bayan la'asar ya shigo da sallama, ya zauna daga nesa a bakin rumfa. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo kamar ba gida ɗaya suke kwana ba.

"Malam Ƙarami, an ce har Laraba ta shiga aibi."

"Abin da na lura da shi na faɗa, Yaya."

"To madalla. Kujerar gaba fa, ta mai zaman banza, ka gaya musu ta lotsa ta gefe ɗaya?"

Baffa ya kau da kai.

"Wa ya lotsar da ita? Wa'azi, ɗaurin aure, jana'iza, ina yayanka ya taɓa zuwa ba ka a gefensa?"

Na ga Baffa ya sunkuyar da kai yana murza bakin rawaninsa. Sai a lokacin na fahimci abin da makauniya ta gani tun tuni, ni mai ido biyu ban gani ba.

Inna ta sassauta murya. "Ni ma ba na so ta tafi. Tun da kuka ja ta, rumfar nan har amsa kuwwa take yi. Amma kai kana zuwa kullum kana kallonta, ni ko tana nan ba na ganinta. Ka faɗi aibinta, duka, ban ce ka rage ko ɗaya ba. Ba na son idon ha'inci. Tambayata ɗaya ce: littafin naku ya hana a faɗi alherin abu?"

Baffa ya ce, "Bai hana ba."

Mai saye na gaba wani dattijo ne daga Likoro ta ƙasar Kudan, mai fataucin rake, ƙato, mai kaurin murya, wanda ya yi direban babbar mota a ƙuruciyarsa kuma yana da lasinsa a aljihu. Dillali ya rako shi har gindin darbejiya sannan ya koma tsallake. Baffa ya fara, 'yan acaɓa suna amsawa. Alhajin rake yana gyaɗa kai yana cewa, "Wannan na san maganinsa. Wannan ma." Da aka zo kan inshora da takardu ya ce zai yi mata sababbi. Da aka zo kan Laraba ya kalli Baffa da kyau, ya ce to, Allah ya kyauta.

Na zaci an gama. Sai Baffa ya dafa murfin motar ya ce, "Saura abin da ba aibi ba. Motar nan ta kai masu naƙuda asibiti ban san iyakarsu ba, ta kai waɗanda maciji ya sara, ta kai marasa lafiya, kuma ba ta taɓa mutuwa a hanya da mai ciwo a cikinta ba. Da lafiyayyu take rashin mutunci. Ranar da jikin yayana ya tsananta, wani ɗalibinsa direba ya murɗa makulli, ta tashi ba turi. Ita ta kai shi Zariya. Ita ta dawo mana da shi, ina riƙe da kansa a baya. Ba ta tsaya ba ko sau ɗaya."

'Yan acaɓa babu wanda ya amsa. Mai shayi ya ajiye kofin da ke hannunsa.

Alhajin rake ya share fuska da hularsa, ya ce ya saya. Kada a ce tausayi ya hana shi ciniki, a'a, ɗan kasuwa ne. Ya rage na birki, ya rage na lagireto, ya rage na ɓera, amma na Laraba ya ce ya yafe. Dillali ya tsallako titi a guje don kada a yi sallama ba shi. Abin da aka ba ni ya isa aikin. Da yamma aka ɗaure motar a bayan wata akori-kura aka tafi da ita, Baffa yana tsaye har ta ɓace.

Aka yi wa Inna aiki, aka dace. Ranar da aka cire bandeji, abu na farko da ta ce da ni shi ne ashe na tsufa haka, kuma wa ya ce in bar wannan gemun.

Bayan ta warware, wata ranar hantsi sai ga Alhajin rake ya shigo ta hanyar bayan gari, ya zo duba ta da ɗaurin rake. Ya yi wa motar shuɗin fenti, ya ɗora mata ƙarfen kaya a sama, takardar inshora manne a gilashi. Inna ta fito ƙofar gida da baƙin tabarau da butarta a hannu, aka sa mata kujera. Ta kalli motar ta gaba, ta kalle ta ta gefe, ta girgiza kai.

"Wannan ba motar Malam ba ce."

Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗauka yabo ne. Aka sha fura, aka yi addu'a, ya shiga zai tafi. Ya murɗa makulli, shiru. Ya sake murɗawa, shiru. Baffa ya juyo ya dube ni.

"Auta, yau wace rana?"

Na ce, "Laraba."

Sai ya tattare hannun rigarsa. Ni da shi da ɗalibansa muka tura. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi. Tana isa masallaci ta karya hagu, hon ya buga da kansa.

Na waiwaya na ga Inna ta rigaya ta yunƙura, hannunta a kan buta. Ta tsaya haka rabi a tsaye. Sannan ta koma ta zauna a hankali, ta ce, "Ita ce." Hawaye suna fitowa ta ƙarƙashin tabarau, ta kasa sharewa don likita ya hana ta taɓa idon. Ta cire tabarau ɗin ta bi motar da kallo tana nisa.

Can ta ce, "Malam Ƙarami, waccan lotsawar ta bayan but fa? Yaushe aka yi ta?"

Baffa ya kalle ni, na kalli ƙasa. Shekaru ke nan da Malam ya yi baya ya daki tsamiya, ya tara mu ya ce kada wanda ya gaya mata, don za ta hana shi tuƙi.

"Ta daɗe, Yaya."

"Duk jerin da ka yi ta yi a tasha, an kawo min shi kaf, ban ji wannan a ciki ba."

Baffa ya gyara rawani. "Aibin da yake a fili ba sai an faɗa ba. Mai ido yana gani."

Inna ta mayar da tabarau ɗinta.

"To, ai ga shi na gani."